Babi na Uku: Amfanin Tufafin Kariya ga Mahayin Babur a Lokacin Haɗari

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo tarihin shigowar babur ƙasar Hausa da yadda sana'ar acaɓa ta bunƙasa, musamman bayan shirin tsuke bakin aljihu na SAP wanda gwamnatin Janar Ibrahim Badamasi Babangida ta ɓullo da shi a shekarar 1986. Wannan babi kuwa zai mayar da hankali ne a kan jikin mahayi da abin da ke sanye a jikin nasa a lokacin da haɗari ya auku. Za a duba ko tufafi suna iya rage rauni, kuma idan suna iyawa, wane irin rauni suke ragewa, wanne ne kuma ya fi ƙarfinsu.

Batun yana da nauyi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2018 ya nuna cewa mutum miliyan 1.35 ne suka mutu a haɗarin hanya a shekarar 2016, kuma kashi 28 cikin ɗari daga cikinsu masu hawa babur ne ko babur mai ƙafa uku. A Amurka, inda ake ajiye lissafin tafiya da kyau, alƙaluman hukumar kula da lafiyar hanya sun daɗe suna nuna cewa idan mai babur da mai mota suka yi tafiya mai tsawo ɗaya, yiwuwar mutuwar mai babur ta ninka ta mai mota fiye da sau ashirin.

3.1 Ma'anar Tufafin Kariya

Tufafin kariya su ne duk wata sutura da aka ƙera ko aka ɗinka musamman domin ta shiga tsakanin jikin mahayi da abin da zai ji masa ciwo. Sun haɗa da hular kwano, da rigar sama, da wando, da safar hannu, da takalmi mai rufe idon sawu, sai kuma ƙananan matasai masu tauri da ake cusawa a kafaɗa da gwiwar hannu da gwiwar ƙafa da gadon baya.

Wannan tunani ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Littafin Tarihin Kano ya ambaci Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, a matsayin sarkin da ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke domin yaƙi. Idan aka lura da kyau za a ga cewa sulke da lifidi aiki biyu daban suke yi. Sulke ƙarfe ne, aikinsa shi ne hana kaifin takobi ko tsinin mashi ratsa fata. Lifidi kuwa auduga ce aka cusa tsakanin ƙyalle biyu aka ɗinke, aikinta shi ne shanye nauyin duka kafin ya isa tsoka da ƙashi. Tufafin mahayin babur na zamani a kan waɗannan ayyuka biyu aka gina su, wato hana kwalta cin fata, da rage ƙarfin bugu. Abin da ya sauya kawai shi ne kayan da ake yin su da shi da kuma abokin gaba, domin yanzu kwalta ce da ƙarfen mota.

3.2 Abin da ke Faruwa ga Jiki Idan Babur ya Faɗi

Kafin a gane amfanin tufafin ya kamata a fara sanin yadda raunin ke samuwa. Mai tuƙa mota yana cikin akwatin ƙarfe, ga bel ya ɗaure shi a kujera. Mahayin babur ba shi da ko ɗaya daga ciki. Da zarar babur ya tsaya cak saboda karo, jikin mahayin yakan ci gaba da tafiya da gudun da babur ɗin ke yi, har sai wani abu ya tsayar da shi.

Alal misali, gudun kilomita 50 a awa ɗaya daidai yake da kusan mita 14 a kowane sakan. Wanda ya bugi bango da wannan gudu tamkar wanda ya faɗo ne daga tsayin kusan mita 10, wato daga saman bene mai hawa uku. Idan kuwa bai bugi komai ba, ya zube ne kawai a kan hanya, to kwalta ce za ta tsayar da shi ta hanyar goga. Lissafi na ƙiyasi ya nuna cewa zai ja jiki a ƙasa na tsawon mita 15 zuwa 20, cikin sakan biyu zuwa uku. Idan aka ninka gudun sau biyu, nisan da zai ja a ƙasa ninkuwa yake yi sau huɗu. Kwalta dai tsakuwa ce da aka dama da baƙin mai, saboda haka ga fatar ɗan Adam ba ta da maraba da magagari.

Daga nan ake samun raunuka iri biyu. Akwai na goga, irin su ƙujewa da yagewar fata da zaizayewar nama, wani lokaci har sai farin ƙashi ya bayyana. Akwai kuma na bugu, irin su karaya da targaɗe da gocewar ƙashi da zubar jini a cikin kai ko ciki. Ana iya ƙara ƙuna a kan waɗannan, domin salansa mai zafi takan danne ƙafar wanda babur ya faɗa a kansa.

Wani abin da bincike ya fito da shi, wanda ya saɓa wa tunanin mutane da yawa, shi ne cewa mafi yawan haɗurran babur ba a tsananin gudu suke aukuwa ba. A shekarar 1981 Farfesa Harry Hurt da abokan aikinsa na Jami'ar Kudancin Kalifoniya suka fitar da rahoton nazarin haɗurra 900 da suka je suka duba a inda suka auku a yankin Los Angeles. Sun gano cewa matsakaicin gudu a lokacin karo bai wuce kimanin kilomita 35 a awa ba, kuma kashi uku cikin huɗu na haɗurran karo ne da wani abin hawa, galibi ƙaramar mota. Haka nan nazarin da ake kira MAIDS, wanda ya duba haɗurra 921 a Faransa da Jamus da Italiya da Holan da Sifen a shekarun 1999 da 2000, ya samu cewa fiye da kashi 70 cikin ɗari sun auku ne a gudun da bai kai kilomita 50 a awa ba. Wannan shi ne gudun ɗan acaɓa a cikin gari, kuma shi ne gudun da tufafi suke iya yin tasiri a cikinsa.

3.3 Hular Kwano

Daga cikin dukkan tufafin kariya, hular kwano ce kaɗai aka tabbatar ba tare da jayayya ba cewa tana ceton rai, saboda haka ita za a fi yi wa dogon bayani.

Tarihinta yana da alaƙa da mutuwar wani sojan Ingila mai suna T. E. Lawrence, wanda ya yi suna a yaƙin Larabawa da Turkawa lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. A ranar 13 ga Mayu, 1935, yana tafe a babur kusa da gidansa a yankin Dorset, sai ya kauce wa wasu yara biyu masu keke, ya faɗi da kai ba hula. Ya rasu bayan kwana shida. Ɗaya daga cikin likitocin da suka duba shi, Hugh Cairns, masanin tiyatar ƙwaƙwalwa, ya ɗauki batun da muhimmanci. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, ya lura da yawan sojoji masu kai saƙo a babur da ke mutuwa saboda raunin kai tun ba su ga fagen fama ba. Ya wallafa sakamakon nazarinsa a mujallar likitocin Birtaniya a 1941, kuma a wannan shekara rundunar sojan ƙasar ta wajabta wa masu baburanta sa hular kwano. Jihar Biktoriya ta Ostireliya ta wajabta ta ga farar hula a 1961, Birtaniya kuwa sai a 1973.

Hular kwano ta ainihi tana da sassa huɗu. Akwai ɓawon waje mai tauri, wanda ke hana abu mai tsini huda kai, yana baza ƙarfin bugu zuwa faffaɗan wuri, yana kuma sa kai ya zame a kan kwalta maimakon ya maƙale. Ƙarƙashinsa akwai farin soso mai tauri, irin wanda ake tallafe sabuwar talabijin da shi a cikin kwali, kaurinsa yakan kai santimita uku zuwa huɗu. Sai lallausan ƙyalle da ke taɓa fata, sai kuma maɗaurin haɓa. Mutane da yawa suna ɗaukar cewa ɓawon waje shi ne hular, alhali farin soson nan shi ke yin babban aiki. Ƙwaƙwalwa abu ne mai taushi da ke lilo cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai. Idan kai ya bugi kwalta tsirara, yakan tsaya ne nan take, ita kuwa ƙwaƙwalwa ta ci gaba ta bugi ƙashi daga ciki, jijiyoyin jini su tsinke. Idan akwai soso, sai ya riƙa murƙushewa a hankali, ya tsawaita lokacin tsayawar kai, ta haka ƙarfin da ke isa ƙwaƙwalwa ya ragu ƙwarai. Wannan ne dalilin da ya sa hular da ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ta gama aikinta ko da wajenta na ƙyalli, domin soson da ya murƙushe ba ya komawa yadda yake.

A ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 22, wadda ƙasashen Turai da wasu da dama ke bi, ana sa hular a kan gunkin kai mai na'urar awo, a sako ta ta bugi maƙera da gudun mita 7.5 a sakan, wato kilomita 27 a awa. Wani zai ce wannan gudu ya yi kaɗan. Amsar ita ce, a yawancin faɗuwa abin da kai ke fara gamuwa da shi shi ne ƙasa, kuma ƙarfin wannan bugu ya danganta ne da tsayin da kan ya faɗo daga gare shi, wanda bai fi mita ɗaya da rabi ba. Sabon zubin ƙa'idar, mai lamba 22.06, ya ƙara gwajin bugu a karkace, saboda tun a 1943 wani masanin kimiyya da ya yi aiki tare da Cairns, mai suna Holbourn, ya nuna cewa murɗawar kai farat ɗaya tana yi wa ƙwaƙwalwa illa ƙwarai.

Dangane da alƙaluma, nazarin da ƙungiyar Cochrane ta fitar a 2008, wanda ya tattara sakamakon bincike masu yawa daga ƙasashe daban-daban, ya nuna cewa hular kwano tana rage yiwuwar mutuwa da kimanin kashi 42 cikin ɗari, tana kuma rage yiwuwar raunin kai da kimanin kashi 69. Raɗe-raɗin da ake yi cewa nauyin hula yana karya wuya kuwa, rahoton Hurt bai sami abin da ya gaskata shi ba. Har ila yau, hular da ta rufe har haɓa ta fi wadda ta tsaya a kunne, domin nazarin Dietmar Otte na Hanoba a Jamus ya nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin uku na bugun da hula ke sha a wajen haɓa yake sauka. Muƙamuƙi da haƙora da hanci su ne ke biyan kuɗin buɗaɗɗiyar hula.

A Nijeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sa hular kwano a ranar 1 ga Janairu, 2009. Abin da ya biyo baya ya shiga kafofin watsa labarai na duniya, domin an ga 'yan acaɓa da suka kifa ƙwarya ko robar fenti a kai, wasu kuma suka sa hular ma'aikatan gini. Abin ya zama na raha, amma ya bayyana wata matsala ta gaskiya, wato an ɗauki hular a matsayin maganin jami'in hanya. Hular ma'aikatan gini an yi ta ne domin tare dutse ko ƙarfe da zai faɗo daga sama. Ba ta da farin soso, ba ta rufe ƙeya da gefen kai, kuma takan tashi tun kafin mai ita ya kai ƙasa. Haka ma hula ta ainihi idan ba a ɗaure maɗaurinta ba, ko an ɗora ta a kan zanna-bukar. Ta fuskar fasinjoji kuma an sami ƙorafin ƙwarƙwata da cututtukan fata, har da jita-jitar cewa ana sa asiri a cikin hula domin a sace mutum. Ƙorafin tsafta yana da tushe, kuma ana magance shi da 'yar hular ƙyalle da fasinja zai fara sawa a ciki. A birnin Kigali na Ruwanda, inda doka ta kama sosai, ɗan acaɓa yana yawo ne da hula biyu, tasa da ta fasinja, kuma abin ya zama jiki.

3.4 Riga da Wando

Aikin riga da wando na farko shi ne jure goga. Fatar saniya da aka jeme, mai kaurin fiye da milimita ɗaya, ita ce ta daɗe tana riƙe da kambi a wannan fage, kuma har yanzu ita masu tseren babur ke sawa. Daga baya aka sami zaruruwan masana'anta, irin su Cordura da Kevlar, wanda Stephanie Kwolek ta kamfanin DuPont ta gano a 1965. Ana saƙa su a yi riga, ko a yi wa wandon jins shafi da su a gwiwa da ƙugu da mazaunai.

Ana auna ƙarfin ƙyalle ne da wata na'ura da Dokta Roderick Woods ya ƙera a Kambirij, inda ake sako ƙyallen a kan bel mai kaushi da ke gudu, a ƙidaya lokacin da zai ɗauka kafin ya huje. Ƙa'idar Turai ta 2002 mai lamba EN 13595 ta nemi wuraren da suka fi gogar ƙasa su jure sakan huɗu a mataki na ɗaya, sakan bakwai a mataki na biyu. Wandon jins na kasuwa ba ya cika sakan ɗaya a wannan gwaji. Idan aka tuna cewa wanda ya faɗi a gudun kilomita 50 yana jan jiki na sakan biyu zuwa uku, za a ga cewa fiye da rabin tafiyar a kan fatarsa zai yi ta. To idan jins, wanda ake ganin ƙarfinsa, haka yake, ina ga shadda da yadi da atamfa? A shekarar 2020 aka kawo sabuwar ƙa'ida mai lamba EN 17092, wadda ta kasa tufafin zuwa ajin AAA da AA da A, sai B da C na musamman, domin mai yawo a cikin gari ya sami abin da ya fi sauƙin nauyi.

A nan ya kamata a lura cewa ƙarfin ƙyalle kaɗai bai wadatar ba. Riga takan ɓarke ta wajen ɗinki ko zif tun kafin fatar ta huje, shi ya sa ake yi wa ta ƙwarai ɗinki biyu, ɗaya a ɓoye ta ciki inda kwalta ba ta isa gare shi. Haka kuma rigar da ta yi wa mai ita yawa takan naɗe ta koma ƙirji, ta bar ciki da baya a waje.

Matasan da ake cusawa a gaɓoɓi kuwa su ne lifidin wannan zamani. Ana gwada su ta hanyar sako ƙarfe mai nauyin kilo biyar daga tsayin kusan mita ɗaya, a auna ƙarfin da ya ratsa. A mataki na ɗaya kada matsakaicinsa ya wuce kilonuton 35, a mataki na biyu kuma kada ya wuce 20. Kilonuton 35 ya yi daidai da nauyin tan uku da rabi, ko da yake na ƙiftawar ido ne. Wannan adadi da kansa ya isa ya nuna cewa matashin rage bugu yake yi, bai kawar da shi ba.

Binciken da ya fi fito da amfanin waɗannan tufafi a haɗurra na zahiri shi ne wanda Liz de Rome da abokan aikinta suka wallafa a 2011, bayan sun bi diddigin mahaya 212 da suka yi haɗari a yankin Kanbera, babban birnin Ostireliya. Sun samu cewa yiwuwar a kwantar da mahayi a asibiti ta ragu da kimanin kashi 21 cikin ɗari ga mai rigar babur, da kashi 51 ga mai wandon babur, da kashi 59 ga mai safar hannu. Idan tufafin suna da matasai, raunin saman jiki ya ragu da kashi 23, na ƙafafu kuma da kashi 39. Sai dai binciken ya kuma nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na rigunan da wandunan da safunan da aka sayar da sunan na babur ne sun yage a haɗarin. Wannan sakamako yana daga cikin abin da ya kai ga kafa shirin MotoCAP a Ostireliya da Niyu Zilan a 2018, inda ake sayo tufafin daga kanti, a gwada su, a ba su taurari domin mai saye ya san abin da yake saye.

Rahoton Hurt ya bayyana ƙujewa da yankewar fata a matsayin raunuka masu yawan aukuwa amma waɗanda ba safai suke tsananta ba. Wannan hukunci ya dace da wurin da asibiti ke kusa kuma ake wanke ciwo cikin sa'a ɗaya. A ƙauyen da majinyaci zai kwana da tsakuwa da ƙasa a cikin nama, buɗaɗɗen ciwo ƙofa ce ga ruɓewa da cutar tetanos. Idan kuma akwai karaya a ƙarƙashinsa, bambancin yana da girma, domin karayar da fata ta rufe ta fi saurin warkewa nesa ba kusa ba a kan wadda ƙashi ya haɗu da datti. Irin wannan ta biyun ce, idan aka kai ta wurin masu ɗori aka ɗaure tamau, take iya ƙarewa da yanke ƙafa. Bugu da ƙari, ɗan acaɓa da abin da ya samo yau yake cefane, saboda haka mako uku na jinyar tafin hannu mako uku ne na bashi a gidansa.

3.5 Safar Hannu da Takalmi

Duk wanda ya faɗi hannu yake fara kaiwa ƙasa, ba da shawararsa ba. Safar hannu ta fata mai ƙarin shafi a tafi, wadda ake ɗaurewa a wuyan hannu don kada ta zare, ta wadatar ga tafiyar cikin gari. Safar ulu da ake sawa saboda sanyin hunturu ba ta cikin wannan lissafi.

Ƙafa kuwa ita ce ta fi kowace gaɓa shan wahala. Rahoton Hurt ya nuna cewa rabin raunukan da ke samun gangar jiki daga cinya zuwa tafin sawu suke. Binciken Kanbera ya fito da wani sakamako mai amfani ga talaka, wato ko takalmin da ba na babur ba ne, muddin mai ƙarfi ne kuma ya rufe idon sawu, ya rage yiwuwar rauni da kimanin rabi idan aka kwatanta da takalmi na yau da kullum. Irin wannan takalmi ana samunsa a wurin 'yan gwanjo. Silifa da fade, waɗanda su ne takalman yawancin masu babur a ƙasar Hausa, sukan fice tun a bugun farko, su bar yatsu da diddige tsakanin kwalta da sarƙa da salansa.

3.6 Iyakar Kariyar

Binciken Kanbera bai sami shaidar cewa tufafin suna rage karaya ba. Idan gaban mota ya daki ƙwauri, ko mahayi ya bugi turken wutar lantarki da ƙirji, babu rigar da za ta hana ƙashi karyewa ko hanta fashewa. Matashin gadon baya yana rage bugu kai-tsaye, amma yawancin raunin laka daga lanƙwashewa da murɗewar jiki yake zuwa. Rigar da ke kumbura da iska kafin mahayi ya kai ƙasa, wadda aka wajabta a gasar MotoGP tun 2018, ta fara cike wannan giɓi, sai dai kuɗinta ya fi ƙarfin mai babur na haya.

3.7 Zafi da Tsada da Suturar Bahaushe

Kusan dukkan waɗannan tufafi an tsara su ne a ƙasashe masu sanyi. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, inda zafin bazara kan haura digiri 40, wanda ya sa rigar fata ya wuni a rana yana jiran fasinja zai galabaita, kuma gajiya da ƙishirwa su ma suna rage hankalin matuƙi. Saboda haka ƙin sa rigar fata a watan Afrilu ba ganganci ba ne kawai. Abin da ya fi dacewa da wannan yanayi shi ne riga mai raga-raga a ƙirji da baya domin iska ta ratsa, wadda aka ƙarfafa kafaɗunta da gwiwoyin hannunta. Kariyarta ba ta kai ta fata ba, amma da babu gara ba daɗi. Abin mamaki ne a ce ƙasar da ke da majema da dukawa tun ɗaruruwan shekaru, wadda fatunta suka yi suna har Turai, ita ce ke jiran safar hannu daga waje.

Ta fuskar kuɗi, mahayin da ke biyan balas kullum ga mai babur ba zai iya sayen komai a lokaci guda ba. Bisa ga alƙaluman da aka kawo a sama, hular kwano ta ainihi ita ce ta farko, sai takalmi da safar hannu saboda arharsu, sannan wando, sannan riga. An sa wando gaban riga ne domin ƙafa ta fi yawan rauni, ko da yake a aikace mutane riga suka fi saye saboda ita ake gani.

Akwai kuma wata matsala da binciken Turawa bai cika taɓawa ba, wato suturar da ita kanta take jawo haɗari. Babbar riga da jallabiya da dogon hijabi da gyale da bakin zani suna iya shiga cikin sarƙa ko wayoyin ƙafar baya. Idan haka ta faru, ƙyallen yakan naɗe cikin ƙiftawar ido ya fizgo mai shi ƙasa ta baya, idan kuma a wuya yake ya shaƙe shi. Mata sun fi shiga wannan haɗari, musamman masu zaman gefe ɗaya, da masu goyo. Ƙasar Indiya, inda mata ke ɗaura sari mai tsawo, ta sa a dokarta cewa dole babur ya kasance da kariyar da ta rufe aƙalla rabin ƙafar baya. Wannan ƙarfe ne da kowane mai walda a bakin kasuwa zai iya ƙerawa. Ko da gwamnatin Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birni a watan Janairu na 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, babur bai daina zama abin hawan ma'aikaci da ɗalibi da manomi ba, kuma a garuruwa da ƙauyuka da dama na Arewa da kudancin Nijar, inda ake kiran sana'ar kabu-kabu, shi ke kai mace asibiti da kasuwa. Kafin a sami irin wannan kariya a kowane babur, abin da ya rage ga fasinja shi ne ta tattare hijabinta ta danne shi a kan cinya tun kafin babur ya tashi, shi kuma matuƙi ya waiwaya ya tabbatar babu ƙyallen da ke reto kusa da taya.